Me Ya Sa Waya Ba Ta Ganin Firinta? Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Ɗalibi ya sauke silif ɗinsa na JAMB a waya, gobe da sassafe zai shiga jarrabawa. Firinta na kan tebur a kunne, da takarda a ciki, tawada ma ba ta ƙare ba. Ya danna Print, wayar ta yi ta juyi tana nema, can ta ce ba ta ga wata firinta ba. Ya kashe firintar ya kunna, ya goge manhajar ya sake saukewa, data ta tafi a banza, takarda ba ta fito ba.

A irin wannan hali mutane da yawa sukan yanke hukunci cewa firintar ce ta lalace, su kama hanyar wurin mai gyara. Alhali galibi lafiyarta lau, wayar ma lafiyarta lau. Abin da ya faru shi ne na'urorin biyu ba sa kan hanya ɗaya, ko kuma suna kan hanya ɗaya amma wani abu ya hana su jin juna. Wanda ya gane wannan zai daina lalube a duhu.

Shin firintar ma tana da Wi-Fi?

Tambayar kamar ta raini, amma a nan ake fara tuntuɓe. Firintocin da suka fi yawa a shagunan buga takardu da ofisoshi da yawansu kebul kawai suka sani. HP LaserJet P1102 ba ta da Wi-Fi, P1102w ce mai shi. Harafin w ɗin nan na ƙarshe shi ne alamar, kuma HP kan yi amfani da shi a yawancin sunayen firintocinta na lesa. Haka Epson L3110 ta kebul ce zalla, L3150 da L3250 su ne masu Wi-Fi. Canon G2410 ma ta kebul ce, G3410 ce ke haɗuwa da waya. A ido kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa mai saye a kasuwa ke iya ɗauko wadda ba ita yake nufi ba. A duba gaban firintar: idan babu maɓalli ko 'yar fitila mai alamar Wi-Fi, babu manhajar da za ta sa waya ta gan ta ta iska.

Yadda waya ke neman firinta

Idan aka danna Print, waya ba ta san adireshin kowace firinta ba. Abin da take yi shi ne ta yi shela a cikin Wi-Fi ɗin da take kai, kamar mai shiga zaure ya yi sallama: akwai firinta a nan? Firintar da ta ji sai ta amsa da sunanta da adireshinta. Wannan tsarin shela sunansa mDNS, kamfanin Apple kuma na kiransa Bonjour. A kansa AirPrint na iPhone ya dogara tun fitowarsa a 2010, haka ma Mopria da kuma Default Print Service da ke zuwa cikin Android tun daga Android 8.

Muhimmin abu game da shelar nan shi ne ba ta fita waje. Iyakarta cikin Wi-Fi ɗin da aka yi ta. Ba ta bin datar MTN ko Airtel, ba ta tsallakawa daga wata rauta zuwa wata. Saboda haka wayar da ke kan data ba za ta taɓa ganin firintar da ke kan Wi-Fi ba, ko da kuwa an ɗora wayar a kan firintar. Kusanci ba shi ne haɗuwa ba.

A da akwai Google Cloud Print da ke ba da damar tura takarda ta intanet daga ko'ina, amma Google ya rufe shi a ƙarshen 2020. Har yanzu ana cin karo da tsofaffin bidiyo a YouTube da ke koyar da shi. Ɓata lokaci ne bin su.

Gwaji ɗaya da ke raba gardama

Kafin a taɓa kowane saiti, a nemo adireshin IP na firintar. Mai allo tana nuna shi a sashen Network ko Wireless. Marar allo kuma tana iya buga shi a takarda: a Epson ana danna maɓallin bayanan sadarwa a riƙe, a yawancin HP akwai maɓalli mai harafin i. Takardar da za ta fito tana ɗauke da sunan Wi-Fi ɗin da firintar ke kai da kuma lambobi irin 192.168.0.105.

Lambobin nan kaɗai sun isa su ba da labari. Idan adireshin ya fara da 169.254, ko ya nuna 0.0.0.0, to firintar ba ta samu adireshi daga rauta ba. Ita ce ta ƙirƙiro wa kanta lamba ko ta zauna babu, ma'ana ba ta shiga Wi-Fi ɗin da kyau ba. Idan kuma ya fara da 192.168, sai a kwatanta da na waya, wanda ake gani idan aka danna sunan Wi-Fi a cikin Settings. A saitin gida da na shago, rukuni uku na farko ya kamata su zo ɗaya. Waya 192.168.8.101, firinta 192.168.8.104: gida ɗaya suke. Waya 192.168.8.101, firinta 192.168.0.105: kowa da nasa gidan, kuma sai ɗaya ya koma wurin ɗaya.

Daga nan sai babban gwajin. A buɗe Chrome ko Safari a waya, a rubuta adireshin firintar a inda ake rubuta adireshin shafi, a danna. Kusan kowace firinta mai Wi-Fi tana da ɗan shafin kanta a cikinta, mai nuna yawan tawada da saituna. Wataƙila Chrome ya yi gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. A wannan wurin ba abin tsoro ba ne, don firintar ce ta sa wa kanta hannu a takardar shaidarta, sai a danna Advanced a wuce.

Idan shafin ya buɗe, hanya tsakanin waya da firinta a buɗe take. Matsalar na wurin shela ko manhaja, kuma a cikin waya za a gyara. Idan bai buɗe ba, matsalar ta Wi-Fi ce, kuma ko sau goma aka sake sauke manhaja ba abin da zai canza. Gwajin ba ya cin minti ɗaya, amma ya raba aikin gida biyu.

Idan shafin bai buɗe ba

A nan ne aka fi daɗewa, don dalilan suna da yawa.

Wanda ya fi shahara shi ne batun 2.4GHz da 5GHz. Rauta ta zamani kan watsa Wi-Fi a zango biyu. Na 5GHz ya fi sauri, na 2.4GHz ya fi nisa da ratsa bango. Ƙananan firintoci da tsofaffi da yawa 2.4GHz kawai suke ji. Idan rautar ko MiFi an saita ta a 5GHz kaɗai, firintar ba za ta ma ga sunan Wi-Fi ɗin ba balle ta shiga. Idan kuma an haɗe zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, wata firintar takan rikice wajen saitin farko. Maganin shi ne a shiga shafin rauta, wanda yawanci yake 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na MiFi ɗin Huawei kuma 192.168.8.1, a tabbatar 2.4GHz a kunne yake, in da hali a ba shi suna daban.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu wadda ba daidai ba ce, wai dole wayar ma ta zauna a 2.4GHz har abada kafin ta iya bugawa. A rauta mai lafiya zangon biyu ƙofofi biyu ne na ɗaki ɗaya. Da zarar firinta ta shiga ta ƙofar 2.4, wayar da ta shiga ta ƙofar 5 za ta same ta. Lokacin saitin farko ne kawai ake so wayar ta koma 2.4GHz, domin manhajar kan miƙa wa firinta sunan Wi-Fi ɗin da wayar ke kai a lokacin.

Sai kuma nau'in tsaro. Sabbin rautoci na zuwa da WPA3, tsofaffin firintoci kuwa WPA2 suka sani. Alamar wannan ita ce firinta ta ga sunan Wi-Fi, a sa mata kalmar sirri daidai, ta yi ta ƙyafta fitila ta ƙi shiga. Mutum ya yi ta zargin yatsunsa yana sake rubutawa, alhali ba laifinsa ba ne. A mayar da tsaron rauta WPA2, ko haɗin WPA2 da WPA3.

Na uku ya fi wayo, don komai yakan nuna kamar daidai. Waya na kan Wi-Fi, firinta na kan Wi-Fi ɗin, lambobinsu sun dace, amma ba sa jin juna. Wannan aikin wani saiti ne da ake kira AP Isolation ko Client Isolation, wanda ke barin kowace na'ura ta fita intanet amma ya hana ta magana da maƙwabciyarta. An yi shi ne don tsaro, kuma shi ya sa a Wi-Fi na otal, makaranta ko wanda sunansa ya ƙare da Guest da wuya bugawa ta yiwu. Idan rautar ta mutum ce, sai ya kashe saitin. Idan ta makaranta ce ko ofis, ba shi da iko a kai, gara ya koma Wi-Fi Direct da za a yi bayani a ƙasa.

Sannan ga matsalar wuta, wadda littafin firinta ba ya cika magana a kai don inda aka rubuta shi ba a ɗauke wuta sau huɗu a yini. Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Idan NEPA ta ɗauke wuta aka tayar da janareta, komai ya sake tashi, rautar na iya ba firinta sabuwar lamba. Jiya 105 ce, yau 102. Manhaja ko kwamfutar da ta haddace tsohuwar lamba sai ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa. Wannan shi ne asalin kukan nan na “jiya tana yi, yau ta ƙi”. Gyara na dindindin shi ne a keɓe wa firinta lamba ɗaya a shafin rauta, a sashen da ake kira DHCP Reservation ko Address Reservation, ko kuma a sa mata lamba tsayayya daga shafin firintar kanta. Aikin minti biyar ne, kuma duk mai shagon buga takardu ya kamata ya yi shi tun ranar farko.

Wani abin da wuta ke jawowa: idan ta dawo, firinta kan riga rauta tashi. Ta nemi Wi-Fi ta rasa, wata sai ta haƙura ta daina nema. Don haka idan za a kashe a kunna, akwai jeri. A fara da rauta, a jira kamar minti biyu ta gama tashi, sannan firinta, sannan a kashe Wi-Fi na waya a kunna. Masu firintar lesa kuma su lura: tana jan ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama kanta, ba kamar ta tawada ba da ba ta cin wuta sosai. A kan ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta, wutar na iya faɗuwa daidai lokacin da aiki ya iso, firintar ta sake tashi, waya ta ce haɗi ya yanke. Ana ganin kamar matsalar Wi-Fi ce, amma ta wuta ce.

Idan an canza sunan Wi-Fi ko kalmar sirri, ko an sayi sabuwar MiFi, firintar na nan tana neman tsohon. Dole a goge mata saitin sadarwa a sake daga farko. A HP DeskJet da yawa ana danna maɓallin Wireless da Cancel tare na 'yan daƙiƙu har fitilar ta fara ƙyaftawa. Akwai kuma gajeriyar hanya: a ba sabuwar MiFi ɗin irin suna da kalmar sirrin tsohuwar, harafi da harafi. Firintar ba za ta ma san an yi canji ba.

Idan shafin ya buɗe amma Print ba ta gani

To yanzu laifin na cikin waya. Abu na farko da za a duba shi ne VPN. Matasa da yawa na barin VPN a kunne dare da rana, wasu ma sun manta da shi. VPN na kwashe zirga-zirgar waya ya tura ta wata ƙasa, sai shelar neman firinta ta kasa isa ga na'urar da ke gefe. A kashe shi a sake gwadawa.

Sai izini. Tun daga iOS 14, iPhone na tambaya ko manhaja na iya ganin na'urorin da ke Wi-Fi ɗaya da ita. Wanda ya danna Don't Allow cikin sauri ya rufe wa manhajar ido; ana buɗewa a Settings, Privacy & Security, Local Network. A Android kuma manhajoji irin su HP Smart, Epson Smart Panel da Canon PRINT na neman izinin Location ko Nearby devices. Mutum na iya mamakin me ya haɗa firinta da sanin inda yake. Dalilin shi ne Android ya ɗaure binciken Wi-Fi na kusa da wannan izini, idan aka hana, manhajar ba za ta ga komai ba.

A kuma tabbatar sashen bugawa na waya a kunne yake. Wurinsa ya bambanta tsakanin Tecno, Infinix, Samsung da Redmi, don haka mafi sauƙi a rubuta print a wurin bincike na Settings. Idan Default Print Service a kashe yake a kunna. Idan wayar ba ta da shi, a sauke Mopria Print Service daga Play Store. A cikin kowannensu akwai wurin ƙara firinta da hannu ta hanyar rubuta adireshin IP, wanda ke tsallake batun shela gaba ɗaya. Tunda an riga an san lambar, wannan kan kashe maganar nan take.

Inda babu rauta

Gidaje da ƙananan shaguna da yawa ba su da rauta, data ce kawai a waya. A nan Wi-Fi Direct ya fi dacewa: firintar da kanta take watsa Wi-Fi, mai suna da ke farawa da DIRECT, waya ta shiga kai tsaye. A HP da yawa kalmar sirrin da take zuwa da ita 12345678 ce, wasu kuma tana cikin takardar bayanan da firinta ke bugawa. Mai shago ya canza ta, in ba haka ba duk wanda ya san wannan zai iya tura aiki daga bakin titi ya ƙarar da takarda.

Tarkon Wi-Fi Direct ɗaya ne, kuma kusan kowa ya faɗa ciki. Wi-Fi ɗin firinta ba shi da intanet. Waya kuwa idan ta lura da haka, sai ta ce taimako za ta yi, ta koma kan data a ɓoye ko ta sauka daga Wi-Fi ɗin gaba ɗaya. Idan ta tambaya ko a ci gaba da zama duk da babu intanet, a amsa mata da eh. In ta ci gaba da gardama, a kashe data har a gama. Wannan na nufin sai an sauke takardar tukuna. Silif ɗin NIN, sakamakon WAEC ko takardar kiran NYSC da ke buɗe a shafin intanet, a fara ajiye ta a matsayin PDF a waya kafin a shiga Wi-Fi na firinta. Hoton da aka turo ta WhatsApp ma a tabbatar ya gama sauka.

Wasu kan kunna hotspot na waya su haɗa firinta a kai. Yana yi, amma da sharaɗi. Hotspot ɗin ya kasance a 2.4GHz, a Android ana zaɓa a saitin hotspot, a iPhone 12 zuwa sama kuma ana kunna Maximize Compatibility. Wahalar ita ce manhajojin kamfani kan ƙi yin saiti idan wayar ba ta kan Wi-Fi, ita kuwa wayar da ke ba da hotspot ba a ɗaukarta a matsayin tana kai. Dabarar ita ce a ari waya ta biyu, a haɗa ta da hotspot ɗin, a yi saitin da ita.

Kebul da Bluetooth

Firintar da ba ta da Wi-Fi ma ana iya bugawa da ita daga Android ta hanyar ɗan mahaɗin OTG da kebul ɗin firintar, tare da manhaja irin NokoPrint ko PrinterShare. Idan an jona babu motsi, a duba saitin OTG, domin a wasu wayoyi kamar Oppo da Realme sai an kunna shi da hannu, kuma yakan kashe kansa bayan minti 10 idan ba a amfani da shi. Ba kowace firinta ke yarda ba. HP LaserJet 1018 da 1020, waɗanda har yanzu suke cike da shaguna saboda juriyarsu, suna jiran kwamfuta ta loda musu wani ɓangare na manhajarsu duk lokacin da aka kunna su, don haka da waya sai an yi sa'a.

Bluetooth kuwa ana yawan yi masa gurguwar fahimta. A manyan firintocin gida da ke da shi, galibi don saitin farko ne kawai, ba ta nan takarda ke bi ba. Inda Bluetooth ke aiki da gaske shi ne ƙananan firintocin rasit masu takardar 58mm da masu shaguna ke amfani da su. Lambar haɗinsu yawanci 0000 ce ko 1234. Yawancinsu waya ɗaya suke riƙewa a lokaci guda, don haka idan ta ƙi haɗuwa, a duba ko tana manne da wayar yaron shago. Kuma ba sa fitowa a Print na waya kai tsaye, sai da manhaja irin RawBT ko manhajar da ake sayar da kaya da ita. Idan ta yi ƙara takarda ta fito fara fat, ba matsalar haɗi ba ce: an juya naɗin takardar ne, don fuska ɗaya ce kawai ke karɓar zafi.

Idan kwamfuta ce ke cewa Offline

Masu laftof na Windows na da tasu damuwar. Kalmar Offline sau da yawa sakamakon canjin adireshin nan ne, kuma cire firintar a sake ƙara ta da adireshin IP kan warware. Wani lokacin kuma aiki ɗaya ne ya maƙale a layi ya tare na baya. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta services.msc, a nemo Print Spooler a tsayar da shi, a goge abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan a sake kunna shi. Fayilolin cikin kawai ake gogewa, ba jakar kanta ba.

Yaushe ne mai gyara ke da aiki? Idan an goge saitin sadarwa, an kawo firinta kusa da rauta, 2.4GHz a kunne, amma ba ta ganin sunan Wi-Fi ko ɗaya, har da hotspot na waya, kuma ita ma ba ta watsa nata na DIRECT, to akwai yiwuwar katin Wi-Fi na cikinta ya mutu, abin da hawa da saukar wuta kan jawo. Ko a nan ɗin, mashigar USB yawanci tana nan da ranta, kuma ɗalibin da ke da jarrabawa gobe zai iya fitar da silif ɗinsa da kebul a daren, a bar maganar gyara sai an dawo.